Takardar da Ake Rubutawa a Hanya

Jiragen ƙasan wannan gari ba sa kuka. Na daɗe ina zaune a Guangzhou kafin in gane abin da kunnena yake nema bai samu ba. Jirgi zai shigo tasha fari fat, dogo, mai baki kamar na kifi, ya tsaya ko tari bai yi ba, ƙofofi su buɗe da kansu, wasu su fita wasu su shiga, kowa kansa a sunkuye kan waya, sannan ya zame ya tafi kamar an ja zare. Babu mai ɗaga hannu, babu mai bin tarago da gudu yana ƙarasa sallahu ta taga, don tagogin ma ba sa buɗuwa. Ni kuwa da kukan jirgi na tashi. Gidanmu a Kano bayan layin dogo yake, kuma ko da yake lokacin da na yi wayo jiragen sun riga sun yi ƙaranci, sai a daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba, ranar da ɗaya ya taso kowa a gidan yana sani. Kwanukan da Inna ta jera a kabad su fara kaɗawa, awaki su miƙe tsaye, kaji su watse, kakana kuma, wanda muke kira Baba Tsoho, ya ɗaga hannu a yi shiru. Yakan karkata kai ya saurara har ƙarar ta ɓace, sannan ya ce, "Wannan ya gaji," ko kuma, "Wannan kaya ya ɗauko, ba mutane ba."

Shi ya san jiragen tun suna da ƙuruciya, shi ma yana da tasa. Tun gemu bai fito masa ba ya bar ƙauyensu ya kama aiki a taragon manya na jirgin da ke zuwa Ikko, yana sanye da fararen kaya masu maɓallan ƙarfe, yana kai shayi, yana gyara gado, yana goge baƙin hayaƙin kwal daga tagogi. Yakan ba mu labarin tashoshin hanya, yadda mata ke ɗaga faranti sama da kai suna tallar dafaffen ƙwai da rake, yadda harshen masu talla yake canjawa in an ƙetare kogi, yadda garwashi ke shigowa ta taga ya huda wa mutum riga. Amma cikin ayyukansa duka, wanda ya fi son ambata shi ne na wani ɗan tebur da ke kusurwar taragon. An kafe ƙafafunsa a ƙasa don kada ya zame. A kansa akwai kwalbar tawada da aka yi wa gurbi a cikin katako, da alƙalami mai bakin ƙarfe, da wata takarda mai laushi da ake dannawa a kan rubutu ta shanye tawada, sai kuma takardun wasiƙa da ambulan, kowacce da hoton kan jirgi a samanta, hayaƙi yana tashi yana komawa baya. Aikinsa ne kowace safiya ya zuba tawada rabin kwalba, don in ya cika ta za ta fantsama a gadar farko, ya jera takardun, ya ɗora musu wani dunƙulen ƙarfe. Fasinja ya zauna ya rubuta, ya liƙa kan sarki, shi kuma in an tsaya a Zariya ko Minna ko Jebba sai ya dira da gudu ya jefa a akwatin gidan waya, ya dawo kafin a busa usur. Ya ce mutumin da ya gama daka masa tsawa a kan shayi, da ya zauna a teburin nan sai fuskarsa ta yi sanyi, ya riƙa kallon taga yana tauna gindin alƙalami kamar ɗan makaranta.

A tafiyarsa ta farko ne wani malami da ke cikin fasinjoji ya lura da shi yana share hawaye a tsakanin tarago biyu. Ya tambaye shi ko mahaifiyarsa ta san inda yake. Ya zaunar da shi, ya ɗauki takarda ɗaya mai hoton jirgi, ya ce faɗi, ni in rubuta. Da ajami aka rubuta, jirgi yana tafiya. Mahaifiyar ba ta iya karatu ba. Da takardar ta isa ƙauye, tun kafin a nemo mai karantawa ta buɗe, ta ga layukan sun hau sun gangara, tawada ta ɗiga a wani wuri, sai ta ce, "Allah sarki, haka abin yake jijjiga mini shi?" Ta san yana raye, ta san yana cikin abin nan da gaske, ta kuma san wuyar da yake sha. Baba Tsoho ya ce abin da aka karanta mata daga baya bai ƙara mata komai ba. Daga nan ya riƙe ra'ayinsa har ya tsufa: mutum in ya riga ya sauka, abin da zai rubuto tsadar masauki ne da halin mutanen gari, amma yana tsakani, gida ya ɓace a baya, can kuma bai bayyana ba, a nan ne hannunsa yake faɗin gaskiya ko bakinsa bai so ba.

Da zamani ya juya aka daina ajiye takardu a tarago, aka cire teburin aka sa kujera a wurinsa. Shugabansu ya ce mai son ragowar ya kwasa, in ba haka ba masu ƙosai su samu abin naɗi. Abokan aikinsa suka yi dariya suka wuce. Shi ya ɗaure dami guda ya kawo gida, ya sa a adakarsa ta ƙarfe tare da rigarsa mai maɓallai. Wannan adaka ita ce aikina tun ina 'yar firamare. Duk ƙarshen damina, in rana ta fara ƙarfi, sai ya kira ni mu shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, in wanke hannu in goge, in fito da takardun ɗaya bayan ɗaya in baje su su sha iska, in ɗora wa kowacce tsakuwa. Launinsu ya riga ya koma irin na madarar da aka dafa, gefensu ya yi ja kaɗan, suna ƙamshin kanumfari, don kakata kafin rasuwarta takan jefa shi a adakar saboda ƙwari. Nakan ɗaga ɗaya in duba ta a rana, in ga wasu siraran layuka a cikin jikin takardar, in ce masa ga layin dogo nan. Yakan ce, "Amarya, ke komai kika gani sai kin ƙara masa gishiri." Amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma in ce ban ga mijin da ba shi da haƙori ba.

Takardun ba na ado ba ne. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa daga gidanmu, irin wadda ake daɗewa, ranar tashi sai ya durƙusa gaban Baba Tsoho a ba shi takarda ɗaya da ambulan ɗaya. Sharaɗin shi ne ya rubuta a hanya, abin hawa yana tafiya, ba a tasha ba, ba a masauki ba. In ya isa sai ya aiko. Ranar da takardar ta dawo gida, ranar ce Baba Tsoho yake cewa wane ya sauka, a soya waina a raba wa maƙwabta sadaka, ya kuma cire sunansa daga addu'ar matafiya da yake yi bayan sallar asuba. Kafin nan, ko mutum ya yi aike nawa da baki, a wurinsa yana hanya. Kawuna da ya tafi aiki Fatakwal a motar haya ya rubuta tasa, a kan gwiwa, ta dawo kamar kaji sun yi tono a kai, ba abin da ake ganewa sai sallama da sunansa. Baba Tsoho ya daɗe yana dubanta yana murmushi, ya ce hanyar ba ta da kyau amma direban yana da hankali. Gwaggona da ta tafi aikin hajji ba ta yi boko ba, sai ta ja ajami layi biyu a jirgin sama daidai lokacin da ya shiga gajimare, wani harafi ya yi tsalle ya bar 'yan'uwansa. Mu yara abin da ya dame mu waina ce. Sai yanzu, da nake ganin mutum ya sauka a filin jirgi ya danna waya ya ce ya iso tun bai ɗauki jakarsa ba, a amsa masa da hoton babban yatsa, shi ke nan an gama, nake tuna yadda gidanmu yake zama cikin jira, da yadda jiran yake sa a riƙa ambaton mutum kullum, a wurin tuwo, a wurin tatsar akuya, a bakin ƙofa in an ji sallama.

Damin yana raguwa, gidan yana watsuwa. Lokacin da na sami gurbin karatu a nan, na durƙusa gabansa da safe, ya buɗe adaka ya daɗe yana lalube. A ƙasa waɗanda suka dawo ne, a rubuce, ɗaure da zare. A sama saura guda ɗaya fara.

"Kin ga rabonki," ya ce. "Ke ce autar jirgi."

"Baba Tsoho, ka bar ta mana. Ita kaɗai ta rage. Zan riƙa kiranka, har fuskata za ka gani."

"Fuskarki na gaji da ita. Hannunki nake so."

"To in na ɓata ta fa?"

"Don a ɓata ta aka yi ta, Amarya. Karɓi, kada ki sa direba jira."

A cikin jirgin sama na fito da ita, na buɗe ɗan teburin da ke bayan kujera, na cire murfin biro. Sai na ga hoton kan jirgin nan da hayaƙinsa, na tuna ita ce ta ƙarshe, duk maganar da ta zo mini sai in ga ba ta kai ba. Ni mai son kalmomi ce, tun ina sakandare nake cika bayan littattafaina da 'yan baitoci, kuma mai son kalmomi ba ya rasa dalilin jinkiri. Na ce bari a wuce teku. Aka wuce teku, aka sauka. Na ce to sai wata tafiyar. Na sa ta a tsakiyar wani babban ƙamus, na shiga karatu, na koyi cin abinci da tsinkaye, na gane hanyar Xiaobei inda ake jin Hausa a bakin titi kamar a Kantin Kwari. A farkon bazarar nan, lokacin da iska ke jiƙewa har bangon ɗaki ya riƙa gumi, madubi ya rufe, wanki ya ƙi bushewa, nakan fito da ita in duba ko ta yi fumfuna, in sa mata kanumfari, in mayar. Ina kula da ita yadda aka koya mini. Rubutawa ne kawai ban yi ba.

Muna waya da gida kusan kullum. Inna takan kai masa wayar, ya riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba madubi, mu yi wasa, ya tambaye ni ko na sami wani mai haƙori a can. Amma bai taɓa tambayata yaya garin ba, bai taɓa cewa in gaida mutanen wurin ba. Kullum da magana ɗaya yake rufewa: "Allah ya kai ki lafiya." Da farko nakan yi dariya. Shekara ta zagayo, wata shekarar ta bi ta, na daina dariyar, na koma yin kamar ban ji ba.

Wata rana Inna ta kira ni ita kaɗai daga ɗakin girki, ina jin ƙarar murfin tukunya.

"Idon kakanki yana rufewa," ta ce. "Na hagu ya tafi, na dama ma dishi-dishi yake gani. Likita ya ce ba abin da za a yi masa."

Ta ci gaba:

"Har yau yana sa sunanki a addu'ar matafiya. Jiya maƙwabciyarmu ta tambaye shi ke, ya ce kina hanya. Matar nan ta zaci wani abu ne ya same ki. Ke wai me takardar nan ta yi miki? Ki rubuta masa ko gaisuwa ce, ya gani tun yana gani."

A satin na shirya. Na zauna a ɗaki na tsara maganata a wata takarda daban, na goge, na gyara, har ta yi santsi kamar waƙa, na haddace ta. Sannan na sayi tikitin farin jirgin nan mai gudu zuwa Shenzhen, na zauna kusa da taga, na jira ya tashi. Benaye da gonakin ayaba da kududdufan kifi suna wucewa kamar ana yaye labule. Na rubuta a nutse, harafi bayan harafi, da sassauƙan hannu don kada in ji wa takardar ciwo. Ban taɓa yin rubutu mai kyau irin na ranar ba. Shayin da ke gefena ko motsi bai yi ba. Na cika fuskar takardar, na ninke, na ji kamar an sauke mini kaya.

Lokacin baje kolin bazara ne a Pazhou, garin cike da 'yan kasuwa. Akwai wani Alhaji mutumin Maraɗi, abokin kawuna, mai sayen fitilu masu aiki da hasken rana, wanda ta Kano yake bi in zai koma gida. Na same shi a masaukinsa da ke titin Huanshi, zaune a tsakiyar kwalaye. Ya karɓi ambulan ɗin da hannu biyu, ya juya shi, ya fara da ɗan Faransancin nan na mutanen Nijar, ya ce, "Bon, wannan ya girme ni ko na girme shi?" Ya sa a aljihun ƙirji, ya ce hannu da hannu zai bayar.

Na jira labarin waina. Ba a soya ba. Inna ta ce ya karɓa, ya kai ta kusa da idonsa na dama ya daɗe, ya sa an karanta masa, ya mayar cikin ambulan, bai ce komai ba. A waya ya ci gaba da wasansa, ya ci gaba da rufewa da maganar nan tasa. Na kasa tambaya. Har baje kolin ƙarshen shekara ya zo, 'yan kasuwa suka dawo, Alhaji ya kira ni in zo in karɓi saƙo. Na zaci kuka ce da daddawa. Akwai su, amma a saman ledar ga ambulan ɗina.

"Tsoho ya ce in dawo miki da ita," in ji Alhaji, yana sosa ƙeya. "Ya ce in faɗa yadda ya faɗa, kada in rage. Wai shi za ki yi wa wayo? Wai a kan tebur kika rubuta, a ɗaki, ƙafarki a ƙasa."

"Alhaji, wallahi a jirgi na rubuta."

"Ni na sani, 'yata. Na ce masa jiragen can ko ƙwai ka ajiye ba zai gangara ba. Ya ce to ni ma an haɗa baki da ni."

Ya yi dariya, ni ban iya ba. A bakin titi na tsaya na kira gida, masu tura kaya suna gifta ni.

"Baba Tsoho, a jirgi na rubuta. Yana gudu fiye da duk jirgin da ka taɓa shiga."

"Yana gudu, layi ko ɗaya bai karkace ba? Ba inda alƙalami ya yi tuntuɓe?"

"Haka jiragensu suke. Ba sa girgiza."

Sannan ya ce, a hankali, ba da wasa ba, "To ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ni na duba ban ga hanya a ciki ba. An karanta mini, magana mai kyau kamar a rediyo. Ban dai ga inda kika bi ba. Bayanta fari ne, Amarya. Ni ina nan."

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba. Amma da na koma ɗaki na buɗe takardar na dubi rubutuna, miƙaƙƙe kamar an buga da inji, sai na ga abin da ya gani. Duk saƙonnin da nake tura wa gida haka suke. Harafin da zan danna ina kuka shi ne wanda zan danna ina dariya, ba mai iya bambancewa. An daidaita mana hanya, an daidaita mana rubutu, mutum zai ƙetare rabin duniya bai bar ko ɗigon tawada da zai nuna ya sha wuya ba. Su a zamaninsu komai yana barin alama, kwal a riga, tawada a yatsa, gajiya a layi.

A bayan titin Liuhua, kusa da tsohuwar tashar jirgi, akwai wani lungu da nakan bi in raina ya ɓaci, inda wani dattijo ɗan ƙasar yake da ɗan shago na tsofaffin takardu, kan sarki da tikitocin kwali da hotunan mutanen da ba wanda ya san su. Na saba tsayawa ina kallo ba na saye, shi kuma ya saba ƙyale ni. Washegari na nuna masa tawa. Ya goge hannu a riga kafin ya taɓa, abin da ya sa na ji kamar na san shi tun da daɗewa. Ya jawo durowa ya fito da irin tasu, siririya, mai jan layi, da hoton jirgi yana ratsa gada a sama. Ya ce yana yaro in aka shiga jirgin arewa kwana ake yi ana tafiya, ma'aikaciya tana zagayawa da butar ruwan zafi, mutane suna rubuta wasiƙa a kan gwiwa. Na tambaye shi, da guntun yarensu da na iya, ko akwai sauran jirgin da ke girgiza.

"Meyo," ya fara cewa, wato babu, kalmar da kowane baƙo a nan yake fara koya. Sai ya tsaya, ya ɗaga yatsa. Ya ce akwai koraye, tsofaffi, masu yawan tsayawa, waɗanda 'yan ƙwadago da dattawa ke shiga, kuma daga tashar nan ta bayanmu suke tashi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce yarinya mai karatu me za ta yi da jirgin da kowa ke gudu? Na ce kakana ne yake jira. Bai ƙara tambaya ba.

Da hantsi na shiga. Tun daga ƙofa na ji warin ƙarfe da mai da taliyar da aka zuba wa ruwan zafi. Kujerun masu tauri ne, suna fuskantar juna, da ɗan tebur a tsakani cike da ɓawon gyaɗa. Wani ya cusa buhu a ƙarƙashin kujera, wata tsohuwa da ke gabana ta cire takalmi ta naɗe ƙafa. Da jirgin zai tashi sai ya yi kuka. Ba irin na gida ba ne sak, amma kuka ne, ya fizga, taragonmu ya amsa, na baya ya amsa, har ƙarshe. Na ji kwanukan Inna suna kaɗawa a kabad. Muka fita daga cikin benaye a hankali, ta bayan gidajen mutane inda aka shanya kaya a taga, muka shiga duwatsu da gonakin shinkafa, ƙafafun jirgin suna ta nanata magana ɗaya a kan dogo.

Wannan karon ban shirya komai ba. Na juya takardar, na ɗora a kan gwiwa bisa wani littafi, na danna biro da ƙarfi don kada ya kuɓuce. Na rubuta sallama, sai jirgin ya karkata, wutsiyar harafin ta tafi yawo. Na rubuta masa cewa tsohuwar da ke gabana tana da hannu irin na kakata. Na rubuta cewa ina tsoron in dawo in tarar ba ya ganina. Na rubuta cewa tun da na zo garin nan ban taɓa jin na zauna ba, kullum kamar jakata tana bakin ƙofa. Ban san da wannan maganar a raina ba sai da na gan ta a karkace a kan takarda. Muka hau wata doguwar gada, ƙarar ta canja ta zama mai rami, hannuna ya riƙa rawa. Tsohuwar ta ga ina fama, ta miƙo hannu ta riƙe mini gwiwar hannu don in daidaita. Na yi mata godiya, na girgiza kai, na nuna mata ta saki. Ta dube ni kamar mai tausayin wadda ba ta da cikakken hankali, ta ba ni lemo. Gab da wata ƙaramar tasha direba ya taka birki da ƙarfi, bakin biro ya huda takardar. Na ɗaga biron. Sai na tuna abin da ya ce ranar da ya ba ni ita, na ci gaba daga gefen hudar.

Alhaji ya gama lodinsa ya tafi da ita, amma aka yi masa rasuwa, ya wuce Maraɗi kai tsaye ya daɗe a can. Kafin ya waiwayo Kano idon dama ya rufe. Inna ce ta gaya mini, da muryar da take faɗin abin da ba ta so a ja. Na zauna a bakin gado ina tuna jirgin saman nan, da murfin biron da na cire na mayar.

Ranar da Alhaji ya kai saƙon Inna ta kira ni ta bidiyo. Nan la'asar ce, can safiya. Ta jingina wayar da turmi, ina ganin tabarma da inuwar darbejiya, da Baba Tsoho a zaune, idanunsa a buɗe suna kallon wani wuri sama da kan kowa. Aka sa masa ambulan a hannu. Ya shinshina, ya ce, "Kanumfari." Ya zaro takardar, ya shafa fuskar farko, ya juya.

"Baba, kawo in karanta maka," in ji Inna.

"Bari tukuna."

Ya shimfiɗa ta a kan cinya ya ɗora yatsu. Dannawar da na yi ta sa rubutun ya yi gurbi a jikin takardar. Yatsansa ya bi layin farko, ya gangara inda ya gangara.

"Nan kun sha kwana," ya ce. Ya ci gaba. Gidan ya yi tsit, har awaki. "Nan gada ce. Doguwa. Akwai ruwa a ƙasa?"

"Akwai, Baba Tsoho."

Yatsan ya isa hudar, ya tsaya, ya zagaya ta. Sai ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, har dasashinsa duk a waje.

"Wannan direban yaro ne. Ba a taka birki haka da mutane a ciki."

Daga gefe Alhaji ya ce, "Bon, ni dai yau an wanke ni."

Baba Tsoho ya ninke takardar yadda take, ya miƙa wa Inna. "Ki karanta mini in an jima, ni kaɗai. Yanzu a jiƙa shinkafa, gobe a soya waina. A gaya wa maƙwabta." Sannan ya juyo da fuska wajen da yake jin motsina, ya ɗan kuskure, yana kallon turmin.

"Amarya."

"Na'am."

"Kin sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Baba Tsoho."

"Ya gajiyar hanya?"

"Babu gajiya."

"To madalla. Ki gaishe mini da mutanen garin."

Washegari na bi ta lungun Liuhua na isar da gaisuwar. Dattijon ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai ya amsa, ya zuba mini shayi a wani ɗan kofi mai tsaga. Sai ya tambaye ni, abin da bai taɓa tambayata ba, tun yaushe nake garin nan. Na ce masa jiya na sauka.